Yadda Ake Lissafin Saurin Canjin Sinadarai Daga Yawan Gas Ɗin Da Ya Fito

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin murhu lokacin da aka jefa guntun kanwa a tukunyar yakuwa ya riga ya ga rabin wannan darasi. Kumfa takan taso fuu kamar za ta zubo, sai ta fara lafawa, can kuma ta kwanta. Tsamin yakuwa asid ne, kanwa kuma tana ɗauke da kabonet, haɗuwarsu ce ke fitar da iskar kabon dayoksaid. Kumfar ba ta tafiya da ƙarfi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, don haka idan aka tambaye ka saurin wannan canji, kafin ka taɓa kalkuleta sai ka fara sanin saurin wane lokaci ake nema: na farkon tashi, na tsakiya, ko na tafiyar gaba ɗaya? Yawancin makin da ɗalibai ke zubarwa a nan suke zubar da shi.

Dalilin da ya sa ake bin gas shi ne ido ba ya ganin asid yana raguwa a cikin kwalba, amma yana ganin gas yana tura sirinji. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne: yawan gas ɗin da ya ƙaru, a raba shi da lokacin da ya ɗauka. Amsar takan fito a cm³ a kowane sakan, wato cm³/s.

Ka yi lissafin farko kafin ka buɗe kwalbar asid

Za mu yi aiki da zirin maganiziyam da asid ɗin haidirokulorik, domin shi ne gwajin da ya fi ba da sakamako mai tsafta. Gas ɗin da ke fita haidirojin ne (H₂), ga kuma ma'aunin sinadaran:

Mg + 2HCl → MgCl₂ + H₂

Sirinjin gas na ɗakin gwaji yawanci 100 cm³ yake ɗauka. Idan ka zuba maganiziyam da ka, gas zai fi ƙarfin sirinjin, ya tunkuɗo sandar ta faɗo ƙasa, in ta gilashi ce kuma shi ke nan. Saboda haka ka fara da tambayar: nawa zan auna don gas ya tsaya wajen 60 cm³?

Mol shi ne ma'aunin da ake ƙirga yawan ƙwayoyin sinadari da shi, kuma mol ɗaya na kowane gas yana cin kusan 24,000 cm³ a zafin ɗaki da matsin iska na yau da kullum. 60 a raba da 24,000 ya ba da mol 0.0025 na haidirojin. Ma'aunin da ke sama ya nuna mol ɗaya na maganiziyam ke ba da mol ɗaya na haidirojin, kuma nauyin mol ɗaya na maganiziyam giram 24 ne. To 0.0025 sau 24, giram 0.06 ke nan. Ɗan ziri ne da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba.

Asid kuma a sa shi ya yi rara. Ɗauki 50 cm³ mai ƙarfin 0.5 mol/dm³, wato mol 0.5 a kowace lita (dm³ ɗaya lita ɗaya ce, 1,000 cm³), wanda ke ɗauke da mol 0.025. Tunda kowane mol na maganiziyam mol biyu na asid yake ci, abin da maganiziyam ɗinmu zai ci mol 0.005 ne kacal, kashi ɗaya cikin biyar. Ke nan maganiziyam ne zai ƙare, shi ne kuma zai yanke yawan gas na ƙarshe. Riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Haɗa kayan aiki

Kana buƙatar kwalbar gwaji mai faɗin gindi da siririn wuya, toshiyar roba mai huda, siririn tiyo, sirinjin gas da aka ɗaure a kwance, da agogo mai ƙirga sakan. Na waya ma ya wadatar. Inda babu sirinjin gas, kuma makarantu da dama ba su da shi, sai a cika silinda mai ma'auni da ruwa, a kife ta a cikin kwano ko baho mai ruwa, a zura bakin tiyon a ƙarƙashinta. Gas yana shiga yana tura ruwan ƙasa, kai kuma kana karantawa. Haidirojin ba ya narkewa a ruwa sai ɗan abin da ba a rasa ba, don haka wannan hanya ta dace da shi. Ni na fi son ta a kan babban sirinjin roba na kemis, domin sandar sirinjin roba takan cije, ta tsaya cak, sannan ta yi tsalle lokaci guda, giraf ɗinka ya fito kamar matakala.

Abubuwa uku kafin a fara. Goge zirin maganiziyam da sanfefa ta kafintoci har ya yi ƙyalli, sannan ka auna shi, domin dusu-dusun da ke jikinsa oksaid ne, kuma sai asid ya cinye shi kafin ya kai ga ƙarfen. Gwada ko akwai yoyo: toshe kwalbar babu komai a ciki, ka rungume ta da tafin hannuwanka biyu. Ɗumin hannu zai kumbura iskar ciki, sandar sirinji ta ɗan motsa ko kumfa ta ɓullo a bakin tiyo. In babu abin da ya motsa, akwai inda iska ke zurarewa. Na uku, a kashe duk wata wuta a kusa, a sa tabarau na kariya, domin haidirojin da wuta ba sa ga maciji.

Sai maganar da ta fi ba da wahala, wato sakan biyar na farko. Idan ka jefa zirin sannan ka lalubo toshiya ka danna, gas ɗin da ya fi kowanne saurin fita ya riga ya gudu, kuma danna toshiyar kanta tana tura 'yan cm³ na iskar banza cikin sirinji. Na taɓa sa 'yan aji biyu na babbar sakandare wannan gwaji, rukuni shida, kowa da kayansa iri ɗaya, amma amsoshin farko suka bambanta kamar ba abu ɗaya aka auna ba. Da na zagaya sai na tarar a wani rukuni mai riƙe da agogo yana jiran mai toshiya ya ce "na rufe" kafin ya danna. Laifina ne, ban raba musu aiki ba. Maganin abin shi ne a sa zirin a cikin ƙaramar kwalbar gwaji, a tsayar da ita a cikin babbar kwalbar yadda asid ba zai taɓa shi ba, a toshe, a mayar da sirinji kan sifili, sannan a karkata kwalbar su haɗu, a danna agogo a daidai lokacin. Mutum uku ake so: mai agogo yana kiran lokaci, mai ido a kan sirinji yana faɗin adadi, mai biro yana rubutawa.

Rubuta abin da ka gani

A karanta duk bayan sakan 10, kuma kada a tsaya sai adadi ya maimaita kansa. Ga alƙaluma na misali da za mu yi aiki da su, irin waɗanda wannan gwaji kan bayar:

| Lokaci (s) | 0 | 10 | 20 | 30 | 40 | 50 | 60 | 70 | 80 | 90 | 100 |
|---|---|---|---|---|---|---|---|---|---|---|---|
| Gas (cm³) | 0 | 18 | 31 | 41 | 48 | 53 | 56 | 58 | 59 | 60 | 60 |

Tun kafin giraf, dubi ƙarin da ake samu a kowane sakan goma: 18, sai 13, sai 10, 7, 5, 3, 2, 1, 1, sannan babu. Kumfar tukunyar yakuwa ce a rubuce.

Matsakaicin sauri

Wannan shi ne mai sauƙin. Ɗauki lokuta biyu, cire gas na farko daga na biyu, ka raba da tazarar lokacin.

Na tafiyar gaba ɗaya: 60 ÷ 90 = 0.67 cm³/s. Lura da 90 ɗin. Canjin ya ƙare ne a sakan 90, lokacin da adadi ya fara kai 60. Sakan goman da suka biyo baya zaman jira ne kawai. Wanda ya raba da 100 don shi ne adadin ƙarshe a jadawali zai samu 0.60, ya faɗi tambayar alhali ya iya rabawa.

Na sakan 20 na farko: 31 ÷ 20 = 1.55 cm³/s.

Tsakanin sakan 20 da 40: (48 − 31) ÷ (40 − 20) = 17 ÷ 20 = 0.85 cm³/s. Kuskuren da aka saba a nan shi ne a ɗauki 48 a raba da 40, wanda amsar wata tambaya ce daban, wato matsakaicin sauri daga farawa zuwa sakan 40.

Gwaji ɗaya, amsa uku, kuma duka daidai ne. Direban da ya tashi daga Kano zuwa Zariya zai iya cewa tafiyar ta ɗauke shi awa biyu, amma wannan bai gaya maka abin da allurar gudunsa ke nunawa lokacin da yake wuce Kwanar Dangora ba. Don sanin wannan sai an koma giraf.

Saurin wani lokaci takamaimai

Sa lokaci a layin kwance, gas a layin tsaye, ka zaɓi ma'aunin da zai sa zanen ya ci fiye da rabin takardar. Ɗiga maki da fensir mai tsini, sannan ka ja lanƙwasa guda mai santsi da hannu. Kada ka haɗa ɗigo da ɗigo da rula. Idan ɗigo ɗaya ya fita daga sahu, ka zagaye shi ka bar shi a gefe, kada ka murɗe layin don ka biya masa buƙata.

A ce ana son saurin canjin a daidai sakan 30. Nemo wurin a kan lanƙwasar, inda gas yake 41 cm³. Ɗora rula yadda za ta shafi lanƙwasar a wannan wuri kaɗai ba tare da ta ratsa ta ba. Wannan layi shi ake kira tanjan. Dabarar da nake koya wa ɗalibai ita ce su dubi ɗan filin da ke tsakanin rula da lanƙwasa a hagu da dama: su riƙa juya rular a hankali har filayen biyu su yi kusan daidai a kusa da wurin. Rula mai gani-har-hanji ta fi daɗin wannan aiki.

Ja layin ya yi tsawo sosai, sannan ka zaɓi wurare biyu masu nisa da juna a kan layin, ba a kan lanƙwasar ba. A misalinmu layin ya ratsa 15.5 cm³ a sakan 0, ya kuma ratsa 58 cm³ a sakan 50. Gangarar layin ita ce hawan da ya yi a raba da tafiyar da ya yi:

(58 − 15.5) ÷ (50 − 0) = 42.5 ÷ 50 = 0.85 cm³/s

Me ya sa ake nacewa a kan dogon layi? Idan ka auna a kan ɗan guntun da hawansa 4 cm³ ne, kuskuren rabin cm³ wajen karatu ya kusa kashi 13 cikin ɗari. A kan hawan 42 kuwa, wannan kuskuren kashi ɗaya ne da 'yan kai. Ka bar alwatikar da ka zana don auna hawa da tafiyar layin a jikin giraf ɗin, mai duba takarda yana son ganinta. Kuma kada hankalinka ya tashi idan kai ka samu 0.82 abokinka ya samu 0.88. Tanjan aikin ido ne, ba a rasa ɗan bambanci irin wannan.

Saurin farko kuwa tanjan ne da aka ja daga sifili. A nan layin ya tashi daga 0 ya ratsa 42 cm³ a sakan 20, saboda haka 42 ÷ 20 = 2.1 cm³/s. Ya fi 1.8 da za ka samu in ka raba 18 da 10, domin ko a cikin sakan goman farko canjin ya riga ya fara ja da baya. Masana sun fi damuwa da saurin farko saboda a lokacin ne kaɗai ka san ainihin ƙarfin asid ɗin da zafinsa, tunda kai ka auna su da hannunka, kuma babu abin da ya ragu tukuna.

Idan aka tambaye ka dalilin da ya sa saurin ke raguwa, kada ka yi saurin haddace "asid ya ƙare". A gwajinmu asid bai ƙare ba. Daga mol 0.025 an ci 0.005, saura 0.020, wato ƙarfinsa ya sauko daga 0.5 zuwa 0.4 mol/dm³. Wannan ya taimaka, amma babban dalili shi ne zirin yana ƙanƙancewa, fuskar da asid zai ci karo da ita tana raguwa. Layin kuma ya kwanta ne don maganiziyam ya ƙare ƙaf.

Daga cm³ zuwa mol

Sau da yawa tambaya ba ta tsayawa a cm³/s. Raba saurin da girman mol ɗaya na gas:

2.1 ÷ 24,000 = 8.75 × 10⁻⁵ mol/s na haidirojin.

Daga nan ma'aunin sinadaran ne jagora. Maganiziyam ɗaya-da-ɗaya yake da haidirojin, don haka yana narkewa da saurin 8.75 × 10⁻⁵ mol/s, sau 24, giram 0.0021 a sakan. Asid kuwa biyu ake ci kafin a samu haidirojin ɗaya, saboda haka nasa ninki biyu ne, 1.75 × 10⁻⁴ mol/s. Idan ana son saurin raguwar ƙarfin asid ɗin, sai a raba da yawan ruwan da ke cikin kwalba a dm³. 50 cm³ shi ne 0.050 dm³:

1.75 × 10⁻⁴ ÷ 0.050 = 3.5 × 10⁻³ mol dm⁻³ s⁻¹

Akwai tarko a nan da ya kama mutane da yawa: yawa iri biyu ne a wannan lissafi, na gas da ke cikin sirinji da na ruwan da ke cikin kwalba. Na gas da 24,000 ake raba shi, na ruwa kuma shi ake rabawa da shi a ƙarshe. Ka rubuta ma'auni (cm³, dm³ ko mol) kusa da kowane adadi, zai hana ka cakuɗa su.

Sannan ka duba wane adadi tambayar ta ba ka. Takardun WAEC da NECO sun saba ba da 22.4 dm³, wanda na ma'aunin s.t.p. ne, wato zafin 273 K (K na nufin Kelbin, 273 K shi ne digiri 0) da matsin iska 760 mmHg. 24 dm³ na zafin ɗaki ne, wajen digiri 20 zuwa 25. A jarrabawa ka bi abin da aka ba ka.

A ɗakin gwaji na gaske kuwa, "zafin ɗaki" na littafi ba na watan Afrilu ba ne a Sakkwato ko Maiduguri. A ce ma'aunin zafi ya nuna digiri 35, wato 308 K, ma'aunin matsin iska kuma 720 mmHg. Mol 0.0025 ɗinmu a s.t.p. 56 cm³ ne. A wannan ɗaki zai zama:

56 × (760 ÷ 720) × (308 ÷ 273) = kusan 67 cm³

Ɗalibi zai ga 67 inda yake jiran 60, ya ɗauka ya yi ɓarna, wani ma ya goge ya rubuta 60 don ya yi daidai da littafi. Bai yi kuskure ba, gas ne ya kumbura. A Jos, da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ko da sanyinta, ƙarancin matsin iska kan sa gas ya ci wuri fiye da na littafi. Gyaran shi ne a juya lissafin: ninka abin da ka auna da matsin ɗakinka bisa 760, da kuma 273 bisa zafin ɗakinka a Kelbin, sannan ka raba da 22,400. Idan a kan ruwa ka tara gas ɗin, akwai tururin ruwa a gauraye da shi, sai ka cire matsinsa daga matsin ɗakin kafin lissafi. A digiri 30 kusan 32 mmHg ne, a digiri 35 kusan 42.

Kwatanta gwaji biyu

Yawanci ba a auna sauri don kansa, ana yi ne don a ga abin da ke canza shi. Ka canza abu ɗaya tak, ka bar sauran, ka zana layukan a kan giraf guda. Da asid mai ƙarfin 1.0 mol/dm³ layin zai miƙe tsaye ya kwanta da wuri, amma a 60 ɗin nan dai zai kwanta, tunda maganiziyam bai ƙaru ba. Haka in ka sa garin maganiziyam a madadin ziri, ko ka ɗumama asid ɗin. In ka rage maganiziyam zuwa giram 0.03 kuwa, a 30 cm³ zai tsaya. Tsayuwar layi tana ba da labarin sauri, inda ya kwanta kuma labarin abin da ya fara ƙarewa.

Zafi yana da tasiri fiye da yadda ake zato. A canje-canje da dama, ƙarin digiri 10 kan kusan ninka sauri. Wanda ya yi rabin gwajinsa da sanyin safiyar hunturu ya ƙarasa da azahar bai kwatanta komai ba sai yanayin gari.

Idan lokaci ya ƙure, akwai gajeriyar hanya. Auna sakan nawa kowane gwaji ya ɗauka kafin ya tara 20 cm³ na farko, ka raba 20 da lokacin. Wanda ya cika a sakan 11 saurinsa 1.8 cm³/s, wanda ya ɗauki sakan 22 kuma 0.9. Amma adadin da ka zaɓa ya zama a farkon tafiya, inda layin bai fara lanƙwasa sosai ba.

In gas ɗin ba haidirojin ba ne

Lissafin bai canza ba, kayan aiki ne ke canzawa. Da haidirojin feroksaid na wanke ciwo, mai kashi 3 cikin ɗari, da ɗan garin manganis dayoksaid, ko yis na masu burodi, ko ɗanyar hanta, don su hanzarta canjin, za ka samu oksijin: 2H₂O₂ → 2H₂O + O₂. Irin wannan ruwa yana ba da gas kusan ninki goma na yawansa, don haka 5 cm³ ya isa sirinji, kuma saurin ƙarewar feroksaid ninki biyu ne na fitar oksijin.

Kabon dayoksaid ya fi rigima. Giram 0.25 na kalsiyam kabonet, ko tsakuwar mabul ko ɓawon ƙwai da aka wanke aka shanya, zai ba da wajen 60 cm³ da asid ɗin haidirokulorik, sai dai ɓawon ƙwai yakan ɗan gaza don ba zallar kabonet ba ne. Matsalar ita ce ruwa lita ɗaya yana iya shanye fiye da rabin lita na wannan gas, saboda haka silindar da aka kife a ruwa za ta ci maka wani kaso, musamman a farko. Sirinji ya fi. Kada ka yi amfani da asid ɗin salfurik, domin kalsiyam salfet zai lulluɓe tsakuwar ya tsayar da aikin a tsakiya. Allin rubutu ma kada ka dogara da shi, da yawansa salfet ne tun asali, za ka jefa shi a asid ka yi ta jiran kumfa.

Inda babu sirinji amma akwai sikeli mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, ɗora kwalbar a kai, ka toshe bakinta da auduga sako-sako don gas ya fita ruwa kada ya fantsamo, ka riƙa rubuta nauyin duk sakan 10. Mol 0.0025 na kabon dayoksaid giram 0.11 ne, wanda ya yi kaɗan, saboda haka ninka kayan sau goma tunda yanzu babu sirinjin da zai cika: giram 2.5 na tsakuwa, da asid 50 cm³ mai ƙarfin 2.0 mol/dm³, nauyi zai ragu da wajen giram 1.1. Giraf ɗin da tanjan ɗin duk yadda muka yi ne, amsar ce kawai za ta fito a g/s, ka raba da 44, nauyin mol ɗaya na kabon dayoksaid a giram, ka samu mol/s. Wannan hanya ba ta yi da maganiziyam, domin 60 cm³ na haidirojin duka nauyinsa giram 0.005 ne, sikelin ba zai ma san an yi ba.